Shin Janhol mai sayen gyaɗa da Holt masu jiragen Liverpool gida ɗaya ne?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana tarihin cikinmu. Na ci karo da wata salsala da wani ya zana a intanet ta gidan Holt, attajiran Liverpool. A sama ya sa George Holt, a ƙarƙashinsa 'ya'yansa har da Alfred mai kamfanin jiragen ruwa, sai kuma ya ja layi ya liƙa John Holt a matsayin autansu. John Holt ɗin nan dai shi ne Janhol da iyayenmu ke ba mu labari, mai sayen gyaɗa da fatu. Haka abin yake kuwa? Ina so in tabbatar kafin in tura wa wani.

Alhaji Na-Kwari:
Wa alaikumus salam. To mene ne abin tambaya a nan? Suna ɗaya, gari ɗaya, sana'a ɗaya, zamani ɗaya. Ko a nan Kano ka ji an ce ga Dantata biyu suna fatauci ai ba ka tsaya binciken dangantaka ba. Gida ɗaya ne, tura abinka.

Malam Bazazzagi:
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, a nan kam sai na yi maka gardama. Dantata laƙabin mutum guda ne, Alhassan, duk wanda ka ji da sunan daga tsatsonsa ya fito. Holt kuwa suna ne da ya bazu a Ingila tun kafin a haifi kakannin waɗannan mutanen. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

George Holt babba an haife shi a Rochdale, kusa da Manchester, a 1790. Ya zo Liverpool a 1807 yana saurayi, ya shiga koyon dillancin auduga a hannun Samuel Hope, daga baya ya zama abokin cinikinsa. Ya auri Emma Durning a 1820, ya rasu a 1861. Daga cikin 'ya'yansa maza akwai George ƙarami, wanda ya haɗa kamfanin jiragen Lamport & Holt a 1845, sai Alfred da aka haifa a 1829, sai Philip, sai Robert Durning Holt.

John Holt kuwa an haife shi ranar 31 ga Oktoba 1841 a ƙauyen Garthorpe, yankin Lincolnshire, can gabashin ƙasar kusa da kogin Trent. Sunan mahaifinsa Thomas Godfrey Holt. Liverpool zuwa ya yi, a 1857 aka kai shi yaron kanti wurin William Laycock mai sayar da kayan masarufi. A 1862 ya shiga jirgi zuwa tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, ya kama aiki wurin James Lynslager. Bayan rasuwar maigidan nasa ya sayi harkar, 'yan uwansa Jonathan da Thomas suka shigo ciki. Uba daban, gari daban. Kama da wane ba wane ba ce.

Alhaji Na-Kwari:
Zage-zagi dai ba a raba ku da gardama. To na ji, ba uba ɗaya ba. Amma wa ya ce maka ba 'yan wa da ƙani ba ne? Duk gidan arziki akwai reshen da ya rage a ƙauye, in yaro ya tasa sai a turo shi birni wurin dangi. Me ya sa bai tafi Landan ba sai Liverpool? Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Bazazzagi:
Da wurin dangi aka turo shi ai da ba a kai shi awon sukari a kantin Laycock ba, alhali ga ofishin auduga ga na jirage. Kuma a wancan zamani Liverpool ce ƙofar cinikin Afirka ta Yamma, duk yaron da ke neman wannan hanya can zai dosa, ko sunansa waye.

Maman Hanifa:
Sannunku da hira. Baba Alhaji, ka yi haƙuri in sa baki, da yake a nan Liverpool ɗin nake zaune, kuma na ɗan taɓa irin wannan bincike da wata maƙwabciyata Baturiya da ke neman asalin kakanninta. Su nan ƙa'idarsu guda ce: ba a fara salsala daga sama a gangaro, daga ƙasa ake farawa a hau, kuma ba a taka matakala ta gaba sai da takarda a hannu.

Tun ranar 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Takardar haihuwa tana ɗauke da wurin haihuwa, sunan uba da sana'arsa, sunan uwa har da sunan gidansu kafin ta yi aure. Takardar aure kuma tana ɗauke da sunan uban ango da na uban amarya da sana'ar kowannensu. To kun ga takarda ɗaya ta isa ta hau da kai hawa guda, ta kuma buɗe maka gidan surukai. Jerin sunayen kyauta ne a shafin FreeBMD, an tsara shi wata uku-uku, takardar kanta ce ake biya.

Sai ƙidayar jama'a, duk shekara goma. Ta 1841 ce ta farko da aka rubuta sunan kowa a gida. Amma ga wani tarko: ranar 6 ga Yuni aka yi ta, John Holt kuwa sai Oktoba ya zo duniya. Duk wanda ya nuna maka jariri John Holt a ƙidayar 1841 ya ce shi ne Janhol, wani yaron ya kamo. Kuma a waccan ƙidaya shekarun manya rage su ake yi zuwa biyar-biyar, mai 44 a rubuta masa 40. Maƙwabciyata ta sha wuya a kan wannan, ta ga kakar kakarta ta ƙaru da shekara goma sha huɗu cikin shekara goma. Ta 1851 ce ta fara faɗin garin da aka haifi mutum da dangantakarsa da maigida, ita ce mai amfani a wannan magana tamu.

Abban Sadiq:
Allah ya saka, Hajiya. To shi Alfred da aka haifa a 1829 fa, kafin rajistar gwamnati? Ina ake samun nasa?

Malam Bazazzagi:
Sai a koma littattafan coci. Tun 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace cocin unguwa ta riƙa rubuta wankan baftisma da aure da jana'iza. Sai dai gidan George Holt ba 'yan Cocin Ingila ba ne, 'yan ɗariƙar Unitarian ne, waɗanda ba su yarda da aƙidar uku-cikin-ɗaya ba, kuma majami'arsu a Liverpool tana titin Renshaw. Irin waɗannan ɗariƙu suna da nasu littattafan daban. Mai bincike in bai san ɗariƙar gida ba, sai ya ƙare kwanakinsa yana duba littafin da ba nasu ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne dokar aure ta 1753. Daga 1754 har zuwa 1837 ba auren da doka ta sani sai wanda aka ɗaura a Cocin Ingila, in ka cire Yahudawa da 'yan ɗariƙar Quaker. Saboda haka gida ɗaya sai ka tarar haihuwar 'ya'yansu tana littafin majami'arsu, aurensu kuma yana littafin cocin da ba sa zuwa.

Ni a ganina maganar ɗariƙar nan ta fi maganar suna nauyi. Attajiran Unitarian na Liverpool, irin su Holt da Rathbone, a majami'a ɗaya suke haɗuwa, a nan ake ƙulla aure, a nan ake samun jari da wanda zai tsaya wa yaro. In kana son sanin wa ke da wa a cinikin garin, jerin masu zuwa majami'ar ya fi jerin masu suna ɗaya gaya maka gaskiya.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ni fa abin nan mamaki yake ba ni. Mutanen da suka kwashe gyaɗarmu da fatunmu a farashin da suka ga dama, yau mu ne muke zaune muna ƙirga musu kakanni? Wa ya ƙirga kakannin manoman da suka cika buhunan? Malam, da girmanka.

Na Anfield:
Ni dai da na ga Liverpool na ɗauka maganar ƙwallo ce. A ci gaba, ina gefe.

Malam Bazazzagi:
Ƙanina, tambayarka tana kan hanya, amma salsalar ce ma ke ba ka hujjar da kake nema. Audugar da George Holt babba ya yi dillanci, akasarin wadda ke sauka Liverpool a zamaninsa daga gonakin kudancin Amurka take, inda bayi ke nomawa. Da wannan arzikin ya shiga cikin waɗanda suka kafa Bankin Liverpool a 1831, ya gina India Buildings a titin Water, ya ba 'ya'yansa ƙafar tashi. In ba ka bi gidan daga uba zuwa ɗa ba, sai ka ɗauka Alfred da basirarsa kaɗai ya tashi. Yana da basirar, injiniya ne da ya fara daga aikin jirgin ƙasa, ya gyara injin tururi yadda jirgi zai yi doguwar tafiya da ɗan gawayi kaɗan. Shi da Philip suka kafa Ocean Steam Ship Company a 1865, jirginsu Agamemnon ya kama hanyar Sin a 1866, tun ba a buɗe mashigin Suez ba. Amma basira ba ta ƙera jirgi uku a tashi ɗaya sai da kuɗi a bayanta.

Shi ma John Holt ba waliyyi ba ne, ba kuma abin da kake zato kaɗai ba ne. Barasa tana cikin hajar da ake kaiwa gaɓar teku a musanya da manja, kuma ya kare wannan ciniki. A ɗaya ɓangaren yana cikin manyan waɗanda suka tallafa wa ɗan jarida E. D. Morel da kuɗi a fafutukar tona asirin ta'asar Sarki Leopold na Beljiyam a Kwango, ta hannun ƙungiyar Congo Reform Association da aka kafa a 1904.

Ɗan Gwagwarmaya:
Don Allah ya yi ko don aljihunsa? Ai Faransawa sun raba yankin Kwangonsu ga kamfanoninsu sun hana irin su Holt sayen roba a can. Wanda aka kora daga kasuwa dole ya ce kasuwar ba adalci.

Malam Bazazzagi:
Wannan gaskiya ce, tsarin ya taɓa cinikinsa. Ni ba na raba biyun. Ɗan kasuwa ne da ya yi imani a bar Baƙar fata da ƙasarsa ya noma ya sayar, kuma wannan imanin ya dace da ribarsa.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ya dace da ribarsa. A nan zan tsaya.

Maman Hanifa:
Ku bar ni in dawo da ku kan salsalar, don akwai abin da ku maza kuke tsallakewa. Tun ɗazu ake ta uba da ɗa, ba wanda ya tsaya a kan matan. Ku dubi sunan nan da kyau: Richard Durning Holt, jikan George babba, wanda aka haifa a 1868. Durning gidan kakarsa ce ta wajen uba, wato Emma. Richard kuma sunan kakansa ne na wajen uwa, Richard Potter, wanda ya shugabanci kamfanin jirgin ƙasa na Great Western. Mahaifiyarsa Lawrencina ita ce babba a cikin 'yan matan Potter su tara, ƙanwarta ita ce Beatrice Webb, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa makarantar LSE ta Landan a 1895. Wata ƙanwar tata kuma ta haifi Stafford Cripps da ya riƙe ministan kuɗin Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gida uku a cikin sunan mutum ɗaya. Sunan tsakiya a irin waɗannan gidaje sau da yawa na gidan uwa ne, masu bincike da shi suke kama zare.

Dalilin da ya sa matan suke ɓacewa a takarda shi ne, kafin dokokin 1870 da 1882, dukiyar mace in ta yi aure hannun miji take komawa, sunanta ma ya koma nasa. Sai ka ga jari ya shigo gida ba ka ga ta inda ya shigo ba, sai in ka nemo wasiyyar surukin. Wasiyyoyi kuwa daga 1858 suna hannun kotun gwamnati, kafin nan kotunan coci ne ke tabbatar da su. A wasiyya ne mutum ke cewa 'yata wance matar wane, jikana wane, nan za ka ga dangi a jere.

Baba Alhaji, kai da ka kawo misalin Dantata: wanda ya bi sunan uba kaɗai ai ba zai taɓa haɗa Aliko Dangote da gidan ba, alhali mahaifiyarsa 'yar Sanusi Dantata ce.

Alhaji Na-Kwari:
Wannan kam kin faɗi gaskiya, 'yata. Amma mu ba ma buƙatar takarda kafin mu san wannan, kowace tsohuwa a Koki za ta jero miki.

Maman Hanifa:
Haka ne Baba, muddin tsohuwar tana raye.

Bari in ƙara muku wani abu da na gani da idona. Akwai wani gida a unguwar Mossley Hill, sunansa Sudley House, na jan dutse, cikin fili mai bishiyoyi. George ƙarami ne ya saya ya tare a farkon shekarun 1880. Shiga kyauta ne. Zane-zanen da ya tara da kuɗin jirage suna nan rataye a ɗakunan da ya zauna, har da na Turner da Gainsborough. 'Ya ɗaya ya bari, Emma, mai sunan kakarta. Ba ta yi aure ba, da ta rasu a 1944 ta bar wa birnin gidan da abin da ke ciki. Wannan reshe a nan ya tsaya. Shi ma Richard Durning Holt, wanda ya wakilci Hexham a majalisa daga 1907 zuwa 1918, an ba shi sarautar gado a 1935, ya rasu a 1941 bai bar ɗa namiji ba, sarautar ta bi shi.

Abban Sadiq:
Ikon Allah. To wa ya ci gaba da riƙe kamfanin jiragen Alfred?

Malam Bazazzagi:
'Ya'yan ɗan'uwa. Jiragen na Alfred da Philip ne, amma 'ya'yan Robert, wato Richard da ƙaninsa Lawrence, su suka fi yin fice a jagorancin kamfanin daga baya. Uban nasu shi ne na farko da ya riƙe muƙamin Lord Mayor, wato magajin garin Liverpool, a 1893, Lawrence ma ya riƙe a 1929, kuma shi ne ya haɗa kai da Kurt Hahn suka kafa makarantar horon matasa ta Outward Bound a 1941. Shi ya sa salsalar jini daban, salsalar kujera daban. Mai zana bishiya in bai lura ba sai ya mai da ɗan ƙani ɗan cikin mutum don kawai ya gaje shi a ofis.

Wata hanya mai sauƙi ta rarrabe gidajen biyu ita ce sunayen jirage. Na Alfred, masu shuɗin bututun hayaƙi da ake kira Blue Funnel, sunayen jaruman tatsuniyoyin Girka suke ɗauka: Agamemnon, Ajax, Achilles. Hanyarsu gabas ce, Singapore da Sin da Japan, kuma sun daɗe suna jigilar alhazan Malaya da Indonesiya zuwa Jidda. Na gidan John kuwa sunayen 'yan gida ake sa musu: Jonathan Holt, Robert L. Holt, John Holt. Waɗannan ukun duk Jamusawa sun nutsar da su a 1941.

Baba Na-Apapa:
Salamu alaikum yara. Jikana ne ke karanta mini yana rubuta abin da na faɗa. Na yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas ina saurayi. Jiragen Janhol a lokacinmu Guinea Gulf ake ce musu, sunayen mata ne a jikinsu, na tuna Elizabeth Holt da Florence Holt. Daga baya muka ga sun koma hannun kamfanin jiragen Elder Dempster. Su kuma Elder Dempster an ce mana na masu shuɗin bututu ne. To ku da kuka yi karatu ku warware mini wannan.

Alhaji Na-Kwari:
Allahu Akbar! Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malam, ina kake? Ga wanda ya gani da ido ya zo. Jiragen Janhol sun koma gidan Alfred. Wa ke miƙa wa bare dukiyarsa?

Malam Bazazzagi:
Baba, barka da hutawa, abin da ka gani haka yake. A 1965 gidan John Holt suka sayar da Guinea Gulf ga Elder Dempster, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Ocean ya mallaki Elder Dempster gaba ɗaya. Nan ne gidajen biyu suka haɗu, shekara hamsin bayan rasuwar John a 1915, hamsin da huɗu bayan ta Alfred a 1911. Amma Alhaji, ciniki aka yi, kuɗi aka biya. Wanda ya sayi rumfarka a Kwari bai zama ɗan'uwanka ba. In saye ne ke haɗa jini, to Lonrho ta Tiny Rowland da ta sayi kamfanin John Holt ɗin kansa a 1969 ita ma sai ka sa ta a bishiyar. Shi kuma Ocean ya narke cikin kamfanin Exel a 2000, Deutsche Post masu DHL suka saye a 2005. Sai mu ce Jamusawan ma Holt ne?

Alhaji Na-Kwari:
Kai dai akwai baki. Ni abin da na ce, a hau sama sosai, kaka na bakwai ko na goma, za a tarar da su a tukunya ɗaya.

Maman Hanifa:
Baba, wannan sai a kawo takardar. Wanda ya ce akwai dangantaka shi ke kawo hujja, kuma hanyar a buɗe take: a bi iyayen Thomas Godfrey Holt a littattafan cocin Lincolnshire, a bi iyayen George a na Rochdale, a ga ko akwai inda suka gamu. Wanda ya zana wancan hoton bai yi wannan aikin ba, ya ɗora John kai tsaye a ƙarƙashin George, wannan kuwa sunan mahaifin John kaɗai ya rushe shi.

Abban Sadiq:
To na fasa turawa. Amma wata tambaya. Kakana ɗan kamasho ne a harkar gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ana cewa ya yi hulɗa da kantin Janhol. Akwai inda zan ga irin sunayensu?

Malam Bazazzagi:
Takardun kamfanin John Holt akwai su a ma'ajiyar tarihi ta birnin Liverpool, wasu kuma a Oxford. Na Ocean suna gidan tarihin jiragen ruwa na Merseyside, waɗannan ba su shafe ka ba. Amma kafin ka wahalar da Hajiya, fara da gida. Ka zauna da tsofaffin gidanku ka rubuta cikakken sunansa da laƙabinsa, da garin da yake kafa sikeli, da sunan maigidan da yake karɓar kuɗi a hannunsa, don sau da yawa babban dillali ne ke shiga littafin Bature, ƙananan da ke ƙarƙashinsa ba sa shiga. Daga nan sai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ka nemi fayilolin lardin Kano na shekarun 1912 zuwa sama.

Ɗan Gwagwarmaya:
Yawwa, yanzu aka zo wurin. In za ka Kaduna ka yi mini magana, ni ma akwai sunan da nake nema.

Alhaji Na-Kwari:
Ku je ku dawo. Hajiya, ke kuma in kin samu sarari ki duba mini littafin Rochdale ɗin nan, kuɗin mota a wuyana.